Mabuɗin Shagon Malam Jatau

Ku gyara zama, yau na zo muku da tatsuniyar da ba kura ba gizo a cikinta, amma sai kun yi musu kafin ku tashi.

A wani gari na bakin fadama akwai Malam Jatau, mai shagon kwamfuta. Ba mugu ba ne, amma zargi ya yi masa katutu: ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya shafa aljihu. Wata shekara aka buɗe rajistar irin shinkafa na noman rani, shagonsa kuma aka amince wa. Rajistar ba ta yiwuwa sai da kwamfutarsa ta tebur, don da ita aka haɗa na'urar ɗaukar yatsa. Ranar ƙarshe, wadda za a rufe da ƙarfe huɗu, manoma arba'in da biyu suka iso daga Rafin Dinya, ƙauyen da aka binne cibiyarsa. Shi ya ce su bari sai ranar, ba cunkoso.

Ya kunna kwamfuta, ta ce ba intanet. Ga sabis cike a wayarsa, ga igiyar intanet a jone da kwamfutar, amma alamar da ke gefen allo ta yi ja. Ya kashe ya kunna har sau biyar. Manoma suka fara kallon juna, wani dattijo a cikinsu ya ce a hankali, yadda kowa zai ji, bara ma haka aka yi wa mutanen wani ƙauye, ashe an sayar da gurabensu ne. Maganar ta soki Jatau. Ya san in huɗu ta buga, ba iri kaɗai za a rasa ba, shi ma ba zai ƙara shiga ƙauyensu da hula a kai ba. Tsoro ya kama shi, ya ɗaga murya a gaban jama'a:

"Wata mai zuwa zan tafi aikin ido, sai na yi wata uku. Duk wanda ya gyara wannan abu, shi zan bar wa mabuɗin shagon nan."

Ta farko da ta gwada Asabe ce, mai buga masa takardu. Ta tuna jiya wuta ta ɗauke kwamfutar na tsakiyar sabunta kanta, ta duba ta ga 'yar manhajar da ke haɗa ta da intanet, wadda masu sana'ar ke ce wa direba, ta lalace. Ta buɗe jakarta ta ciro filashi, ta ce tun ranar da aka sayo kwamfutar ta kwafi direban ta ajiye saboda rana irin wannan. Ta saka, jan ya ɓace. Jatau bai yi godiya ba. Abin da ke ransa shi ne, me kuma ta kwafa a filashin nan shekara biyu yana zaune bai sani ba?

Alama ta gyaru, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Azahar ta wuce. Sai ga Sallau, tsohon yaron shagon da ya buɗe nasa a tsallaken titi, shekara guda ba sa ga-maciji da Jatau. Ya ce ba don mai shago ya zo ba, kawunsa na cikin layi. Ya zauna, bai yi lalube ba, ya nufi wani lungu a cikin saiti, ya nuna yadda wata manhaja ta karkatar da hanyar kwamfutar zuwa wata ƙofa da aka riga aka rufe. Ya cire ta, shafuka suka fara buɗewa. Jatau ya bi yatsunsa da ido yana cewa a ransa, wanda ya binne abu shi ya san inda zai tona.

Shafin labarai ya buɗe, na ƙwallo ya buɗe, na rajista kuwa ya ce bai yarda da wannan kwamfuta ba. Asabe ta gwada, Sallau ya gwada, gumi ya jiƙe su, uku da kwata ta yi. A bakin ƙofa akwai Baba Nomau, mai gyaran agogo da ke da teburi a inuwar shagon. Bai san komai a kwamfuta ba, amma idonsa ba ya wuce agogo bai duba ba. Ya leƙo ya ce:

"Malam, injin nan naka yana cewa yau ɗaya ga Janairu, shekara goma sha biyar baya. Ko ni ka kawo min takarda mai wannan kwanan wata, ba zan karɓa ba."

Ya ce duk abin da ke riƙe lokaci yana da batir, a buɗe a duba. Aka buɗe cikin kwamfutar, ga ɗan batir kamar kwabo, ya mutu. Baba Nomau ya ciro irinsa daga gwangwaninsa, aka saka, aka saita kwanan wata, shafi ya buɗe. Jatau kuwa sai ya tuna tsohon nan ne ke tsare masa shago in ya tafi masallaci, ga shi kuma da batir daidai wa daida.

Aka shiga ɗaukar yatsu ba ji ba gani. Na arba'in da biyu ya ɗora nasa saura minti shida. Dattijon da ya yi maganar sayar da gurabe ya kama hannun Jatau ya nemi gafara, sannan ya tuna masa cewa alkawari kaya ne, kuma a gaban shaidu ya ɗauka.

Jatau ya ciro mabuɗi ya riƙe. Da Asabe ba ta ajiye direba ba, da Sallau bai sami inda zai taɓa ba. Da Sallau bai buɗe hanya ba, da ba a kai ga shafin ba balle ya yi gardama. Da Baba Nomau bai dubi agogo ba, da wahalar su biyun ta tashi a banza. Kuma har lokacin kowannensu yana masa kama da mai hannu a ciki. Mutum ɗaya ne bai zarga ba: wanda ya saka manhajar nan da Sallau ya cire da hannunsa makon jiya, don wani a tasha ya ce masa tana ba da data kyauta. Wannan kuwa shi ne Jatau da kansa, mai riƙe da mabuɗin.

To, jama'a, mutum zai kwanta wata uku ido a ɗaure, mabuɗi kuma ɗaya ne. Asabe, ko Sallau, ko Baba Nomau, wa ya fi cancanta a danƙa masa?