Kurege a Rumbun Sadaka

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Inna.

To ku matso, kowa ya naɗe ƙafarsa. Giwa ce dai take da kamfanin matse man gyaɗa a bakin daji, dabbobi suna yi mata aiki. Al'adarta, duk shekara in kaka ta yi, sai ta kashe inji yini guda, ma'aikata su tafi gayya gidan wani marar ƙarfi, su gyara masa ɗaki, su gina masa rumbu, kamfani ya cika shi da gyaɗa da gero. Ladan aikinsu na ranar kuwa ba a taɓa shi.

Ana nan, ana nan, kaka ta yi. Giwa ta tara ma'aikata ta ce, "Bana wa za mu je wa?"

Kurege mai ɗinkin buhu ya yi wuf ya ce, "Ranki ya daɗe, Hajiya, akwai wata Iya Tasalla a tsohuwar bukkar nan ta gindin tsamiya. Ba ɗa, ba jika, ba haƙori."

Giwa ta ce, "Allah sarki! Gobe sai can."

Alhali ba wata Iya Tasalla a duniya. Da gari ya waye Kurege ya aika wai ciwon ciki ya kayar da shi. Ya zaga ta baya, ya shige bukkar, ya naɗe wutsiya cikin zane, ya lulluɓa da mayafi, ya kwanta yana nishi.

Sai ga 'yan gayya da waƙa. Akuya mai suyar ƙuli ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Sannu, Iya. Ya ƙarfin jiki?"

Kurege ya maƙe murya ya ce, "Da sauƙi, 'yar nan. Gyaɗar dai kun zo da ita?"

"Mun zo da ita, Iya."

"Soyayyiya ko ɗanya?"

Kura mai gadi ta ce, "Kai, tsohuwar nan! Ba haƙori, sai tambayar gyaɗa."

Aka yi ta aiki, aka yi ta aiki. Aka yi jinka, aka ɗora rumbu, aka juye gyaɗa da gero a ciki. Da azahar ta yi kowa ya tafi rafi alwala. Ƙanshin gyaɗa ya hana Kurege kwanciya. Ya yar da mayafi da zane, ya haye, ya faɗa rumbu. Ya ci, ya ci, ya ci, har cikinsa ya yi kamar tulu.

Abin da ya manta, rumbun sadaka ba a barinsa a buɗe. Liƙe bakinsa ake yi da laka, kada a taɓa sai bazara, lokacin da abinci ke wuya. Bai ankara ba sai ya ji an kifa murfi, duhu ya rufe shi, Kura tana yaɓa laka, ɗab, ɗab, ɗab.

In ya yi shiru, ya kwana cikin rumbu har bazara ba iska. In ya yi magana, ga Kura da sanda. Ya ji numfashi yana ƙaranci, sai ya ƙwala ihu: "Kada ku liƙe! Akwai mutum!"

Kura ta ɗaga murfi ta ce, "La! Kurege? Ba kai ne marar lafiya ba?"

Ya ce, "Ni ne, Yaya Kura. Na kasa kwanciya 'yan'uwana suna neman lada. Na rarrafo na shiga in duba ko akwai gara."

"Wannan cikin fa?"

"Ciwon ke nan. Kin ga yadda ya kumbura ni?"

Akuya ta fito daga bukka da gudu ta ce, "Hajiya, Iya ba ta nan! Sai mayafinta!"

Giwa ta juyo ta zuba wa Kurege ido. Kura ta gyara riƙon sanda. Kurege ya lalubi sunan mabukaci na gaskiya a ransa, Allah Ya taimake shi ya tuna.

Ya ce, "Ai mun yi sallama da ita. 'Yan'uwanta ne suka zo daga nesa suka tafi da ita. Ta bar wasiyya a kai komai wa Bushiya makauniya ta hayin rafi, wai ta fi ta bukata."

Giwa ta dubi cikinsa, ta dubi mayafin. Can ta ce, "Madalla da wannan baiwar Allah. Kai kuma da ka taso da ciwo don lada, ba za mu rage maka ladan ba. Kai za ka kwashe, kai za ka kai."

Haka Kurege ya yi ta jigilar buhu zuwa hayi, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Bushiya kuwa da gaske ba ta da ko ƙwayar gero. Ta shafa buhunan, ta fashe da kuka, ta ce, "Ɗan nan, Allah Ya fitar da kai daga duk ramin da ka faɗa."

Kurege ya zube ƙasa ya ce, "Amin, Iya! Amin! Ƙara faɗa!"

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa tukunya. Duk wanda zai shiga rumbun da ba nasa ba, ya fara leƙawa ko an kwaɓa laka. Ku tashi haka nan, a wanke hannu.