Damshin da Kogi Ya Bari

Akwai wani manomi da gidansa da gonarsa suke bakin kogi. Wata damina ya ji masu hasashen yanayi a rediyo suna cewa ambaliya na tafe, mutanen fadama su tashi. Ya kwashe iyalinsa suka hau tudu, gidan ƙanensa. Matarsa Rifkatu ta bar tukwanenta, ta ɗauki ƙwaryar irin masara kaɗai. Kogi ya zo ya cinye gidan, sai tsamiyar ƙofar gida ta rage a tsaye.

Tun daga ranar mutumin nan bai rabu da rediyo ba. Kullum da yamma yana zaune a bakin tudu, rediyo a kunne, ido a kan tsamiya. Ƙanensa bai rage shi da komai ba, amma kewar gida ta hana shi sakat.

Da ruwa ya janye, ya bar baƙar laka. Mutanen wurin sun saba bin sawun ruwa: inda ya janye yau, gobe a soka iri tun damshi bai gudu ba. Maƙwabta duk suka sauka.

Rifkatu ta ce, "Maigida, an ce ruwan sama ya ɗauke. Mu sauka mana."

Ya ce, "Na bana suka faɗa. Ban ji sun ce kogi ba zai dawo baɗi ba."

Haka ya yi ta jira, sai ka ce rediyon zai rantse masa.

Wata safiya kewa ta fi ƙarfinsa, ya sauka don ya gani kawai. Ya tarar laka ta bushe ta tsattsage, fartanya ma ba za ta shiga ba. Ya zauna gindin tsamiya ya yi kuka, gama lokacin shuka ya wuce shi. Da ya ɗaga ido, sai ga 'yan layukan masara can gefen kwari, sun kai gwiwa, Rifkatu a sunkuye tsakaninsu. Ashe duk ran da ta fita neman itace, takan ƙulle iri a bakin zanenta.

Ta ce, "Ni ma ina tsoro, Maigida. Nan kaɗai hannuna ya kai. Da mu biyu ne, da gonar duka ta yi kore."

Ma'anar wannan misali ita ce: ambaliya ita ce hasarar da ta taɓa raba mu da abin da muke ƙauna. Gargaɗi alheri ne, shi ya ceci manomin, kada mu raina shi. Amma ba mai ba mu tabbacin baɗi, wannan a hannun Ubangiji yake. Damshin kuwa shi ne zarafin da Allah ya ba mu yau: mu koma ga ɗan'uwan da muka ɓata da shi, mu koma sujada, mu sake farawa.

'Yan'uwa, wasunmu sun daɗe a kan tudu suna hangen gida. Ƙasa tana bushewa. Ku sauka.