Randar Tasalla Mai Gumi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wata tsohuwa ana ce mata Tasalla. Gidanta ne na ƙarshe a gari, a bakin hanyar daji. Ba ɗa, ba jika, ko akuya ba ta ɗaure ba. Dukiyarta randa ce guda, ta girke ta a ƙofar gida bisa yashi, da faifai da moɗa a kai, don masu wucewa.

Randar nan gumi take yi. In an cika ta da safe, kafin azahar jikinta ya jiƙe tana ɗiga, ɗis, ɗis, ɗis. Ruwanta kuwa sanyi har cikin haƙori. Kullum da la'asar Tasalla takan shimfiɗa tabarma ta miƙe ƙafa, ta ɗebi moɗa guda, ta jefa tsamiya, ta sha a hankali tana lumshe ido. Sai ta ce, "Alhamdulillahi. Yau ko sarki bai fi ni ba."

Ana nan, sai wata shekara ruwan sama ya ƙi sauka. Rijiyoyi suka ƙafe, saura guda can bayan dutse. Tasalla ta riƙa zuwa da ciwon gwiwarta tana dawowa da tulu guda. Daga baya tulun ya koma rabi.

Kurege maƙwabcinta ne, shi kuwa kun san shi, ba a rasa shawara a bakinsa. Ya zo ya ce, "Iya, randarki ɓarauniya ce. Dubi yadda take ba ƙasa ruwanki. Ki shafe ta da ƙaro, ki kai ta ɗaki ki rufe. In ba haka ba, ƙishirwa za ta kashe ki kafin damina."

Tasalla ta san akwai gaskiya a ciki. Ta ce, "To wanda ya fito daga daji fa?"

Kurege ya ce, "Ya lashi raɓa."

Ya tafi ya samo tasa randar, ya shafe ta da ƙaro ciki da waje, ko ɗigo ba ya fita. Ya kafa ta a tsallaken hanya yana sayarwa, moɗa guda gyaɗa cikin hannu.

Wata rana rijiyar bayan dutse ta fara fito da laka. Abin da Tasalla ta samu moɗa uku ne, masu jan ruwa kuma suka ce mata kada ta wahalar da kanta gobe. Ta dawo ta zuba a randa ta rufe.

Da hantsi sai ga Kurciya, fukafukai a sake. Ta je wajen Kurege, ya ce, "Ina gyaɗa?" Ba ta da gyaɗa. Ta tsallako ta ce, "Iya, ƙishirwa."

Tasalla ta ce, "Sha, ki bar wa na baya."

Kurciya ta sha. Da za ta tashi, ƙwallon kanya da ke bakinta ya faɗi a damshin gindin randa.

Da azahar sai ga Kunkuru, yana jan jiki da ƙyar. Kurege ya ce, "Ina gyaɗa?" Ba shi da gyaɗa. Ya tsallako ya ce, "Iya, ƙishirwa."

Tasalla ta ce, "Sha, ka bar wa na baya."

Kunkuru ya sha, ya kwanta a damshin yana hutawa. Ƙirjinsa ya danne ƙwallon ya shige ƙasa.

La'asar ta yi, saura moɗa guda. Tasalla ta shimfiɗa tabarma, ta jefa tsamiya, ta kai moɗa bakinta. Har ta ji sanyin a leɓenta. Sai ta ji ƙarar sanda a hanya, ƙwas, ƙwas. Wani tsoho ne makaho, leɓensa duk ya tsage. Kurege ma ko tambayarsa bai yi ba, ya juya baya. Makaho ya ce, "Iya, ƙishirwa."

Tasalla ta dubi moɗa. Wallahi tana son ruwan nan, kuma ta san ba wani gobe. Ta miƙa masa ta ce, "Sha, malam. Babu na baya, shanye duka."

Ya shanye ya yi hamdala. Ya laluba ya dafa jikin randa, ya ji damshi a tafinsa. Ya ce, "Ashe shi ya sa take da sanyi. Tana ba ƙasa kaɗan." Ya kama sandarsa ya wuce.

Tasalla ta zauna, maƙogwaro a bushe. Randa ta saki ɗigon ƙarshe, ɗis.

Sai ƙasa ta motsa. Tsiro ya ɓullo kore shar. Tana kallo ya kai gwiwa, tana kallo ya wuce katanga, tana kallo ya zarce rufin ɗaki ya baza inuwa har tsakiyar hanya. Saiwoyi kuma suka nutsa ƙasa, suna ta tafiya, har aka ji dutse ya tsage can ƙarƙashi kamar tsawa. Ruwa ya ɓulɓulo daga gindin kanyar nan, garau, yana gudu bisa yashi.

Mutanen gari suka fito suka yi cirko-cirko. Liman kansa sai tasbihi yake yi. Tasalla hawaye kawai take yi, ruwa na wanke mata ƙafafu.

Kurege fa? Ruwan randarsa ya yi zafi har ya fara wari. Ya rungumo ta da gudu zai cika kyauta ya sayar, ashe rana ta narkar da ƙaro. Randa ta manne masa a haƙarƙari. Ya ja, ta ƙi. Ya sake ja, ta ƙi. Na uku ya fizge, gashi ya bi randa, fari ya fito gefe da gefe. Tasalla ta miƙa masa moɗa ta ce, "Sha, ka bar wa na baya." Kunya ta hana shi karɓa, ya ruga daji. Shi ya sa har yau kuke ganin farin zane a gefensa, yana yi wa kansa inuwa da wutsiya.

Ita kuwa Tasalla ba ta sake komai ba. Ta cika randa ta ɗora faifai. Mata suka ce, "Iya, ga ƙorama a ƙofarki, har yanzu moɗa guda?" Ta jefa tsamiya, ta miƙe ƙafa, ta lumshe ido ta ce, "Ai daɗin a nan yake."

To, kun ji. Ɗan abin da Allah ya ba ku, ku ci ku sha ku ji daɗinsa ku gode, amma ku bar wa na baya.

Ƙurunƙus kan kurege.