Babur Ɗin da Bai Taɓa Shiga Teku Ba

Ya 'yan uwa, ku gyara zama ku ba ni aron kunnuwanku. Abin da zan faɗa ba a wata ƙasa ya faru ba, a nan Kuwait ɗinmu ne. Ba zan kama suna ba, don mai shi yana raye.

An yi wani mutum mai rufin asiri, mai sallah a sahun gaba, wanda ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Abu ɗaya ne ya shiga ransa: tsofaffin baburan ruwa. Ba irin na yanzu da samari ke damun mu da su a gaɓa ba, a'a, irin na farko-farko, waɗanda ake tuƙawa a tsaye. Kun san yadda masu tara su suke, iya tsufan abu, iya tsadarsa.

Ya yi shekaru yana nema har ya dace da wani da aka manta da shi a rumbun wani ɗan kasuwa, a cikin akwatin da ya zo da shi daga Japan. Fentinsa na asali, ko ƙwarzane babu. Abin da ya fi ɗaga darajarsa shi ne bai taɓa shiga ruwan gishiri ba. Masana suka ce masa ranar da ya taɓa teku, ranar zai zama kamar sauran.

Ya gina masa ɗaki mai sanyi a gidan hutunsa na Khiran. Kowace Juma'a da safe sai ya jona masa ruwan famfo, ya tayar da injin na ɗan lokaci don kada ya daskare, ya goge shi, ya lulluɓe. Abokai a diwaniyya, zauren hirar maza, suna tsokanarsa: "Ina sarkin ɗakin sanyi? Har yanzu bai koyi iyo ba?" Shi kuwa dariya yake yi.

Maƙwabcinsa a gaɓar, Bu Mishari, abokinsa ne tun suna ƙanana. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma tukunyar shinkafar majbus ba ta sauka a gida ɗaya ba a miƙa wa ɗayan ba.

Wata Juma'a bayan la'asar, iskar arewa ta taso. Jikar Bu Mishari, wata ƙaramar yarinya Dalal, tana wasa a kan katifar iska, iskar ta ja ta cikin teku. Mahaifinta Mishari, ɗan Bu Mishari, ya faɗa ruwa ya bi ta. Ruwa ya riga ya janye, jiragen maƙwabta duk suna zaune a kan taɓo. Sabon babur ɗin mutumin nan yana wurin gyara a gari. Abin da zai iya wuce wannan ruwa marar zurfi a lokacin guda ɗaya ne, yana ɗakin sanyi.

Bu Mishari ya shigo a guje, ba takalmi, ba komai a kansa. Ya kama hannun abokinsa: "Ɗan uwana, fito da tsohon babur ɗin nan! Mishari ya gaji, ina ganin kansa yana nutsewa yana fitowa. Don Allah fito da shi!"

Makullin yana aljihun mutumin. Akwai mai a tanki. Da safen nan ya tayar da shi.

Ya 'yan uwa, mene ne ya gifta a zuciyarsa? Bai so Mishari ya mutu ba, a hannunsa yaron ya girma. Shaiɗan bai ce masa ka kashe ba. Cewa ya yi: masu ceto suna hanya, Mishari gwanin iyo ne, kai kuma ka tsufa da tuƙi a tsaye. Kowace magana da ɗan ƙamshin gaskiya a jikinta. Sai bakinsa ya buɗe ya ce: "Wallahi ba ya tashi. Injin ya daɗe da mutuwa."

Bu Mishari bai yi jayayya ba. Ya sake shi ya koma gaɓa yana kiran sunan ɗansa.

Masu ceto sun iso. Sun sami yarinyar a maƙale da katifarta, tana kuka. Mahaifinta kuwa sai washegari teku ta dawo da shi.

Ban ce da ya fito da babur ɗin da Mishari ya rayu ba. Ajali na hannun Allah. Amma bai gwada ba, kuma ya haɗa da sunan Allah a kan ƙarya.

A wurin ta'aziyya, a bakin kabari, Bu Mishari ya rungume shi yana hawaye, ya ce: "Na san da abin nan yana aiki, da kai ne farkon shiga ruwa." Mutumin ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji.

Daga nan barci ya ƙaurace masa. Juma'a ta zagayo, ya shiga ɗakin sanyi, ya kai hannu zai tayar da injin, sai ya tuna katanga ɗaya ce, Bu Mishari zai ji ƙarar. Ya janye hannun. Ya yi tunanin ɗauke shi zuwa gari, ya ce idan aka gan ni ina loda shi fa? Ya yi tunanin sayarwa, amma mai saye zai ce a tayar ya ji. Abin da ya fi so a duniya ya zama ba ya iya taɓa shi, ba ya iya rabuwa da shi.

Matarsa Lulwa sau ɗaya ta yi magana. Tana zuba masa shayi, ba ta ɗago kai ba, ta ce: "Ranar nan da safe ina shanya na ji ƙarar babur ɗin." Ya daka mata tsawa, ya ce na wasu ne ta ji. Tun daga ranar, in ta ɗaga waya sai ya kasa kunne. In ta leƙa gidan matar mamacin, sai ya tsaya a taga yana jiran yadda fuskarta za ta dawo.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mutum biyu suka yi raɗa a diwaniyya, sai gumi ya karyo masa. Liman ya yi huɗuba a kan amana, sai ya ɗauka da shi ake. Dalal kuwa, duk sanda ta gan shi sai ta rugo ta ce, "Baffa, ina alewata?" Yakan ba ta.

Ƙofar tuba a buɗe take a lokacin. Taku kaɗan ne zuwa ƙofar Bu Mishari. Sau nawa ya sa tufafi ya fito, ya koma? Kullum sai ya ce bari zafin ya ɗan ragu tukuna.

Ana haka wani baƙo ya zo daga Bahrain, Bu Jasim, shi ma mai tara irin waɗannan babura. Bai san komai a kan rasuwar ba. Ya zauna a diwaniyyar mutumin, ɗaki cike, Bu Mishari na gefe da finjalin gahawa. Cikin raha baƙon ya ce: "Kai marowaci, yaushe za ka sayar mini? Tun Juma'ar nan da aka yi iska mai ƙarfi, da ka kira ni ka kara wayar a jikin injin, ƙarar ba ta bar kunnena ba. Kamar yau aka ƙera shi!"

Wani ya tambaya a hankali: "Wace Juma'a?" Baƙon ya faɗa.

Bu Mishari ya ajiye finjalinsa. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya dubi abokinsa ya ce: "Ni na rungume ka. A kan kabarin ɗana na rungume ka." Ya fita. Mutane suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu.

Babu kotun da ta kira shi, ya 'yan uwa. Babu dokar da ta kama shi. Amma diwaniyyarsa ta mutu a ranar. In ya shiga sahu, sai na kusa da shi ya matsa. Lulwa ta koma gidan 'yan uwanta, ta ce ba za ta iya kallon matar Mishari ba alhali tana zaune a gidan nan. 'Ya'yansa suna gaishe shi ta waya, a taƙaice. Babur ɗin kuma babu mai tara kaya a duk yankin da ya yarda ya shiga gidansa, ko a kyauta.

A ƙarshe ya tattara ƙarfin halinsa ya tafi neman gafara. Ya iske motoci a ƙofar gidan. Bu Mishari ya rasu da hantsi, zuciyarsa ta tsaya. Mutumin ya tsaya a bakin titi da maganar da ya shirya a bakinsa, babu wanda zai gaya wa.

Yanzu yana zaune shi kaɗai a wani ɗaki a Jahra, nesa da teku, labule a sauke. Na je wurinsa. Tambaya ɗaya yake maimaitawa: "Malam, in mai haƙƙi ya mutu, wa zai yafe mini?" Na ce masa rahamar Allah tana da faɗi, ya yi wa mamatan addu'a da sadaka, ya nemi afuwar magada. Yana gyaɗa kai, can kuma sai ya sake tambaya.

Ba haramun ba ne mutum ya so abu mai kyau, ya adana shi. Amma kowa ya duba abin da ya lulluɓe a gidansa, ko mota ce, ko agogo, ko suna, ya tambayi kansa: in maƙwabcina ya shigo a guje ba takalmi, me bakina zai faɗa? Ba a ba mutum lokacin shawara a irin wannan rana. Abin da zuciya ta daɗe tana bauta wa, shi ne zai amsa. Wanda kuma ya san akwai ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa, kada ya kai gobe.

Ya Allah, ka sa dukiyarmu a hannunmu, kada ka sa ta a zukatanmu. Ka jiƙan Mishari da mahaifinsa, ka raya marainiyarsa, ka sassauta wa wannan bawa naka. Allah ya kiyaye mu da ranar da za mu nemi gafara mu rasa mai ba mu. Amin.