Tulun Iri a Ƙarƙashin Gado

Ku natsu ku ji misali, 'yan'uwa. Labarin wani zamani ne da bai zo ba tukuna, ina kuma roƙon Allah kada ya zo, amma zan ba ku shi kamar abin da ya riga ya faru.

Akwai wani mutum, manomi, a wata ƙasa da ake kira Tsamiya Bakwai. Ƙasar ta yi arziki har mutanenta suka manta yadda ake riƙe fartanya. Injuna ke huɗa, injuna ke girbi. Iri kuwa a babban birni ake yin sa, a wani katafaren gini da ake ce wa Gidan Iri. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, manyan motoci su kawo shi cikin buhuna masu ƙyalli, a raba wa kowa. Irin nan yana yin kyau ƙwarai, zangarniya kamar damtsen ƙato, sai dai yana da aibi guda: 'ya'yansa ba sa tsira. In ka ɗebi hatsin da ka girbe ka shuka baɗi, ko ganye ɗaya ba za ka gani ba. To wa ya damu? Ai mota za ta zo. Aka rushe rumbuna, aka gina shaguna a wurinsu.

Manomin nan yana da tulu guda na irin gero na kakanni, wanda mahaifiyarsa ta bar masa. Ranar da ta ba shi ta ce, "Ɗana, iri ba kayan ajiya ba ne. Kowace damina ka shuka shi, da kaka ka zaɓi zangarniyar da ta fi cika ka mayar a tulu. In maƙwabci ya zo aro, kada ka hana shi." Gama haka al'adar garinsu take tun dā, ba a sayar da iri, ba a kuma hana shi. Ka ba mutum ƙwarya guda da damina, ya dawo maka da ita da kaka da ɗan ƙari a kai. Shi da matarsa Afiniki suka riƙe wannan, suna shuka 'yar gona a bayan gida, mutane suna yi musu dariya suna ce musu 'yan jiya.

Sai ƙasar ta faɗi. Manya suka fara rigima a kan wa zai riƙe Gidan Iri, kowa ya tara nasa mutane da bindigogi. Wuta ta ɗauke, ba ta ƙara dawowa ba. Aka tare hanyoyi, injuna suka tsaya a tsakiyar gonaki har kaji suna yin ƙwai a cikinsu. Daga ƙarshe wanda ya ga ba zai yi nasara ba ya cinna wa Gidan Iri wuta don kada ɗan'uwansa ya samu. Ruwa ya sauka a shekarar kamar yadda ya saba, ƙasa ta jiƙe tana ƙamshi, mutane suka jeru a bakin hanya suna jiran mota. Mota ba ta zo ba.

Da sassafe wata maƙwabciyarsu, gwauruwa mai suna Keziya, ta yi sallama da ƙwarya a hannu. Ta durƙusa ta ce, "Maigida, aron iri na zo. Ko rabin ƙwarya ne, da kaka zan dawo da shi."

Manomin ya dubi ƙwaryar, tsoro ya kama shi. Ya ce a ransa, in na ba wannan, gobe gari duka zai taru a ƙofata, jibi kuma masu bindiga su ji. Sai ya ce, "Ayya, Keziya, ai ƙwari sun cinye. Ba ni da ko ƙwaya."

Keziya ba ta yi musu ba. Ta kifa ƙwaryarta ta tashi. Afiniki ta ce bari ta raka ta, ta shiga ɗaki ta fito, suka tafi tare har bakin shinge. Da ta dawo, mijin ya leƙa tulun ya ga shaidar yatsu a cikin geron. Ya yi mata faɗan da bai taɓa yi ba tun da suka yi aure. Ta ce, "Maigida, cikin hannu ɗaya ne kawai na ɗaure mata a bakin zane." Ya ce, "Cikin hannu ɗaya ma zai iya jawo mana mutuwa."

A ranar ya kwaɓa yumɓu ya liƙe bakin tulun, ya haƙa rami a ƙarƙashin gado, ya sa shi ya rufe, ya daddaɓe ƙasar. Ko 'yar gonar bayan gida bai shuka ba, domin ya ce koren ganye zai tona musu asiri. Ya ce, "Bari ƙasa ta lafa tukuna."

Ƙasa ba ta lafa ba. Yunwa ta shiga gari, mutane suka fara tashi gida gida, Keziya ma ta goya jikanta ta bi su zuwa bayan duwatsu. Manomin da matarsa suka zauna suna cin tafasa da 'ya'yan itace. Duk sa'ad da hadari ya haɗu, Afiniki takan ce, "Maigida, mu shuka bana, ko kunya biyu ce." Shi kuwa ya ce, "Ba yanzu ba." Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Afiniki ta rame har zobenta yana zamewa daga yatsa, ta daina magana a kan shuka. Ta rasu a kan gadon nan, tulu cike da gero yana ƙarƙashinta. Shi kaɗai ya haƙa kabarinta, a 'yar gonar da ya hana ta shukawa.

Bayan shekaru, masu bindiga suka gama cinye junansu, ƙasa ta yi shiru irin na kango. Mutanen garin da suka ragu suka fara dawowa ɗai ɗai, ba su da komai sai ƙasusuwansu. Da manomin ya ga hadarin farko, ya ce yau ce ranar. Ya tara su ya ce, "Ku zo ku ga abin da na adana mana." Ya tono tulun, ya fasa yumɓun, ga gero nan lafiya lau a ido, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ba. Mata suka yi guɗa, tsofaffi suka yi kuka. Aka ƙera sungumi daga ƙarfen matattun injuna, aka shuka geron duka bayan ruwa mai kyau.

Suka jira. Ciyawa ta fito, gero bai fito ba. Manomin ya shiga gona ya tona rami da yatsa, ya tarar ƙwayoyin sun ruɓe yadda aka sa su. Ya tona wani, haka. Ya bi kunya kunya yana tonawa kamar mahaukaci har rana ta yi tsaka. Zafin ƙasa da daɗewa sun kashe irin tun yana cikin tulu, kamanninsa ne kawai suka rage. Ya zauna a kan kunya ya ɗora hannu a ka.

Ana cikin wannan baƙin ciki sai ga wata tsohuwa ta shigo gari da ƙwarya a ka, wani saurayi yana bin ta da buhu. Keziya ce da jikanta. Ta nufi gidan maƙwabcinta, ta durƙusa kamar yadda ta yi a dā, ta ajiye ƙwarya cike da gero a gabansa. Ta ce, "Maigida, na kawo aron da aka ba ni. Cikin hannu ɗaya ne, amma kowace damina ina shuka shi a bayan dutse, da shi muka rayu mu da waɗanda suka ara a wurina. Ina Afiniki? Ita nake so in damƙa wa."

Manomin ya juya. Sai ya nuna mata tudun ƙasa a bayan gida.

Ga ma'anar wannan misali. Irin nan shi ne duk abin da Allah ya damƙa a hannunka domin ya rayar da mutane: bangaskiya, da jinƙai, da gaskiyar da iyayenka suka koya maka, har da abincin da ke cikin tukunyarka. Tulun da aka liƙe kuwa zuciya ce da tsoro ya rufe. Kada ku yi saurin zagin manomin nan. Ba ɓarawo ba ne, bai ɗauki bindiga ba, yana ma tsammani alheri yake yi wa garinsu. Laifinsa shi ne ya ce sai ƙasa ta lafa zai yi kirki, alhali rashin kirkin ne yake hana ta lafawa. Mun iya zama a inuwa muna zagin manya da suka ƙone Gidan Iri, kuma sun cancanci zagi. Amma ina gaya muku, Tsamiya Bakwai ba ta gama faɗuwa ranar gobara ba. Ta gama faɗuwa ne ranar da maƙwabci ya dubi idon maƙwabciyarsa ya ce, "Ba ni da ko ƙwaya."

Akwai waɗansu a cikinmu da suke ajiye gafara sai ranar da ɗan'uwa ya zo ya durƙusa, suna ajiye taimako sai hannu ya buɗe. Ɗan'uwana, abin da ka rufe yana mutuwa a hankali kana kwance a kansa, kuma ba za ka sani ba, domin a ido yana nan da kyaunsa. Abin da ya tsira a ƙasar nan duka shi ne cikin hannu ɗaya da aka bayar a lokacin wahala. Allah cikin jinƙansa ya mayar wa garin iri, amma bai mayar wa manomin matarsa ba. Saboda haka in wani ya yi maka sallama da ƙwarya a makon nan, ka buɗe tulun tun Afiniki tana da rai.