Munduwar Tabawa Mai Tukwane

Ku ajiye wayoyin nan, ga ta nan tafe gare ku.

Tabawa maginiyar tukwane ce. Shekara arba'in tana taka yumɓu, tafin ƙafarta ke gaya mata ya nuna ko da saura. Sai ciwon suga ya kama ta. Ƙafafun suka fara zugi, daga baya suka yi shiru. Takan zauna bakin ramin yumɓu tana kallo, ba ta marmarin komai sai sanyin nan da ke ratsa tsakanin yatsu.

Ranar gashin tukwane ta taka garwashi ba ta ji ba. Gyambo ya ci, likita ya ce in bai rufe ba, sai an yanke ƙafar.

Ta ciro munduwar azurfa ta uwarta, ta tara 'ya'yanta uku. "Wanda ya tsirar min da ƙafar nan, tasa ce."

Lantana, babbar, aikinta binciken jini da jijiya a birni. Ta ce, "Inna, cikin jijiya akwai ƙananan ma'aikata, furotin. Ana liƙa musu wata alama su tashi aiki, a cire ta su huta. Suga in ya yi yawa, alamar ke rikicewa, saƙo ya daina isa."

"Ke dai da surutun boko. Zan ji yumɓu?"

Lantana ta sunkuyar da kai. Amma ita ta kai ta wajen likitan da ya daidaita sugan, ta hana ta fura da zuma. In sugan bai sauka ba, gyambo ba ya rufewa.

Tanimu baduku ne. Ya ɓata fata bakwai kafin ya ɗinka takalmin da babu zare ko ɗaya ta ciki, ya rarake gurbin ciwon don kada ya taɓa ƙasa.

Delu, autar, ba ta da ilimi ba ta da sana'a. Kowace safiya takan wanke ƙafar, ta busar, ta leƙa tsakanin yatsu. Ita ta ga ƙayar da ta shige dunduniya, tun ba ta ruɓa ba.

Gyambo ya rufe, wuƙa ba ta taɓa ta ba. Tabawa ta taka da kanta har bakin rami, ta ɗebo yumɓu ta shafa a ƙafa. Ta jira. Ba ta ji komai ba. Ta daɗe tana juya munduwar a hannu, su ukun suna tsaye.

To, ku da kuka iya musu, wa za ta miƙa wa?