Yatsun Baba Tanko Maɗori

Ku matso kusa, muryata ba ta nisa. An yi wani maɗori, Baba Tanko, wanda da yatsunsa yake lalubo inda ƙashi ya karye. 'Ya'yansa uku, Lantana da Ilu da Kulu.

Sai yatsun hannunsa na dama suka fara mutuwa, ya ɓoye. Lantana ce ta gane, ran da ta ga ya ɗauke murfin tukunya daga kan wuta bai ko ji zafi ba. Ya ce in ta faɗa wa kowa, ba shi ba ita. Ta yi kukanta ta share, ta tara dangi ta faɗa. Aka kai shi asibiti yana ta yi mata faɗa.

Likita ya ce ƙari ne ya fito masa a ƙwaƙwalwa, dab da wurin da ke jin taɓin yatsu. Sai an sa shi cikin na'urar hoto, ana taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya, wurin kowanne ya haska, don su san inda wuƙa ba za ta bi ba. In aka kuskure, hannun ya tafi ke nan. To na'urar ba ta shiri da ƙarfe, shi kuwa akwai kambu mai ƙarfe a damtsensa, gadon kakansa, ya rantse ba ya cire shi da ransa. Ilu ya durƙusa ya ce, "Baba, cire ka ɗaura mini. Abin da zai same ka, ya same ni." Ya miƙa hannu, tsohon ya cire ya ɗaura masa.

Da aka tura tsohon ciki, ya ga ƙunci kamar kabari, ga ƙara. Ya hau salati yana fizge-fizge, hoto ya lalace. Likita ya ce in bai natsu ba, ba ya iya yi masa aiki. Kulu, wadda ko allura take gudu, ta roƙa a bar ta ta shiga. Aka nuna mata yadda za ta yi, ta riƙa shafa yatsun a hankali har ya lafa, hoto ya fito.

Aka yi aiki. Yatsu uku suka farfaɗo, biyu har yau shiru. Yanzu tsoronsa kada ukun su bi sahu bai koya wa kowa ba, a gidansu kuwa mutum ɗaya tak ake ba ɗori.

To ku faɗa mini, hannun wa ya kamata ya kama ya koya wa?